Ƙullutu a wutsiyar farin ɓera: yadda ake gane ko ƙari ne

"Assalamu alaikum, likita. Ina rubuto maka daga Marwa. Ɗana yana kiwon fararen ɓeraye guda biyu, duka maza, a keji ɗaya, sun kusa shekara 2 a hannunsa. Wajen wata 3 ke nan da muka ga wani ƙullutu a wutsiyar ɗaya, can kusa da ƙarshe. Da farko ɗan mitsitsi ne, yanzu ya kai girman ƙwayar gyaɗa, ga tauri. Ba ya zubar da komai, ɓeran kuma yana ci yana wasa. Maƙwabcinmu ya ce a ɗaure da zare zai faɗi da kansa, wani kuma ya ce ciwon daji ne, a rabu da shi kawai. Yaron ya damu ƙwarai. Ta yaya za a san mene ne, kuma akwai abin da za a iya yi masa a nan?" Wata uwa daga Marwa.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya yaron, Ya saka miki da alheri da ba ki yi watsi da damuwarsa ba. Na san akwai masu cewa a kan ɓera har a rubuto wa likita, amma rai ne aka sa a keji, cinsa da shansa da lafiyarsa duk suna wuyan wanda ya tsare shi. Yaron da ya lura da ƙullutu tun yana ɗan mitsitsi kuwa ya cancanci a ba shi amsa ta gaskiya.

Ga abin da na fahimta. Namijin ɓera ne mai kusan shekara 2, wato ya manyanta, tunda irinsu ba su cika wuce shekara 2 zuwa 3 ba. Yana zaune da wani namiji. Yana da kumburi mai tauri kusa da ƙarshen wutsiya, yana girma a hankali, ba jini ba mugunya. Kina so ki san mene ne, yadda ake ganewa, da abin da zai yiwu a yi a yankinmu.

Bari in fara da abin da ba ya jira: kada a ɗaure da zare. Akwai ƙashi a tsakiyar wutsiya, zare ba zai yanke shi ba, jini kawai zai tsayar. Wurin zai kumbura, ya yi baƙi, ya ruɓe a kwanaki, ɓeran yana shan azaba yana gwaguyar kansa. An taɓa kawo mini wanda aka ɗaure wa robar ɗaure kuɗi. Ƙasan robar ya bushe ya yi baƙi ƙirin, samanta kuma ya yi ja ya kumbura har kusa da gindin wutsiya, yana wari. Dole muka yanke can sama, nesa da inda da farko ya kamata, ƙullutun kuma ya riga ya ruɓe, ba wanda zai iya duba shi ya faɗi ko mene ne. Haka sakiya da ƙarfe mai zafi, da shafa kanwa ko baƙin mai: duk a bar su.

Na biyu, ba mai iya kallon wannan kumburi da ido ya faɗi sunansa, ko maƙwabci, ko ni da ban ma gan shi ba. Kuma ki san iyakata tun yanzu. Mu likitocin dabbobi a arewacin Kamaru yawancin aikinmu shanu ne da tumaki da awaki da kaji, ɓera da danginsa jefi-jefi suke zuwa. Ƙarin wutsiya a waɗannan ƙananan dabbobi ko a ƙasashen da ake yawan kiwonsu ba abu ne da ake gani kullum ba, mafi yawan abin da aka sani a kansa daga rahoton dabba ɗaya ne nan, ɗaya can. Abin da zan iya ba ki shi ne hanyar da ake bi har a kai ga amsa.

Abin da ke cikin wutsiya

Wutsiyar ɓera tana da ƙananan ƙasusuwa kusan 30 a jere, da guringuntsi tsakaninsu, da jijiyoyi masu motsa ta, da babbar hanyar jini a ƙasa da wasu biyu a gefe, sai fata mai ɓawo-ɓawo da ta manne wa ƙashi sosai. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya fitar da ƙari irin nasa, shi ya sa "ƙarin wutsiya" ba cuta ɗaya ba ce.

Akwai kuma aikin da wutsiya take yi wanda ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen sanyi. Ɓera ba ya gumi kamar mutum. Idan zafi ya dame shi, hanyoyin jinin wutsiya ne suke buɗewa, jini ya bi ta nan ya huce ya koma jiki, kuma wajen kashi 17 cikin 100 na zafin jikinsa ta nan yake iya fita. Dabbar da ta fi jin daɗi a ma'aunin zafi 20 zuwa 24, ga ta a Marwa ko Garwa inda a watan Maris da Afrilu ake haura 40, ba ƙaramin rashi za ta yi ba idan aka cire mata wutsiya gaba ɗaya. Ki riƙe wannan, zai dawo idan mun zo maganar yanka.

Abubuwan da suka fi ƙari yawa

Idan aka kawo mini kumburi a wutsiya, ba ƙari nake fara tunani ba. Na farko a raina shi ne maruru na cizo, musamman da kika ce maza biyu ne a keji ɗaya. Idan maza suka yi faɗa, ƙugu da wutsiya suke kai wa haƙori. Ramin cizon yakan rufe a sama, ƙwayoyin cuta su taru a ciki. Irin wannan yakan taso cikin kwanaki, da ɗumi, ɓeran yana ƙin a taɓa, daga baya ya yi laushi ya fashe. Sai dai tsohon maruru yana iya yin jaka mai kauri ya zauna da tauri, mugunyar ciki ta daskare, don haka tauri kaɗai bai kore shi ba.

Sai karaya da ta ɗoru. Ƙofar keji ta datse wutsiya, ba wanda ya gani, ƙashi ya haɗe ya bar ƙulli mai tauri, sau da yawa da ɗan lanƙwasa a wurin. Alamarsa ita ce yakan girma na 'yan makonni ya tsaya, har ma ya ragu.

Akwai kuma wanda littattafan Turai ba su cika kawowa ba amma namu ne: tsutsar ƙuda, irin wadda take shiga fatar yara da karnuka da damina. Ƙudan yana yin ƙwai a busasshiyar ƙasa da fitsari ya taɓa, ko a jiƙaƙƙen tufafi a inuwa, kuma ɓeraye suna cikin dabbobin da ya fi rayuwa a jikinsu. Idan kika duba da kyau za ki ga ɗan rami a tsakiyar kumburin, da wani abu fari yana motsi a ciki. Mukan toshe ramin da man basilin, iska ta yanke wa tsutsar, sai ka ga ta fara turo kanta waje, a kama ta a hankali a zaro ta ɗungurungum ba tare da an fasa ta ba. Amma ita kwana 8 zuwa 12 take yi ta fice, ba ta kai wata 3.

Da hunturu kuma, lokacin da danshin iska yake faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, jariran ɓeraye sukan samu wata matsala: fatar wutsiya ta bushe ta shaƙe kamar an sa mata zobba, ƙasan zoben ya kumbura, wani lokaci ya mutu ya faɗi. Ƙanana ta fi kamawa, don haka ba na zarginta a naku, amma duk mai ɓeraye masu haihuwa ya rataya jiƙaƙƙen tsumma a gefe ɗaya na keji a wannan lokaci. Zaren tsumma ko gashi da ya nannaɗe wutsiya shi ma yana yin irin wannan, a duba da fitila.

Wata magana a gefe, don masu karatu da suka kamo gafiya ko ɓeran daji suka sa a keji. Gyambo a jikin dabbar daji ba a taɓa shi da hannu tsirara. Ɓerayen daji suna ɗaukar ƙwayar lishmaniya mai kawo gyambon fata, cutar da aka daɗe da saninta a yankin Mokolo. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, ɓera ne yake yaɗa shi. Ƙyandar biri da ta ɓulla a Amurka a 2003 kuwa ta bi dabbobin da aka kai daga Ghana ne, har da gafiya. Fararen ɓerayen da aka haifa a keji ba su cikin wannan hatsari sosai, muddin ɓerayen gida ba sa shiga abincinsu. Duk da haka yaro ya riƙa wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa su.

To idan muka auna naku da waɗannan: wata 3, girma a hankali ba tsayawa, tauri, ba rami, ba zafi, dabba mai shekaru. Tsutsa ta fita daga lissafi, shaƙewar hunturu ma ta fita, zargin ɗori ya yi rauni, tsohon maruru yana nan a layi, ƙari kuma ya hau gaba. Wanda ya ce miki ciwon daji ne mai yiwuwa bai yi nisa da gaskiya ba. Inda ya kuskure shi ne cewa a rabu da shi, domin ba kowane ƙari ne daji ba, kuma ko dajin ne, ƙarshen wutsiya yana cikin wuraren da suka fi sauƙin cirewa a jiki.

Idan ƙari ne, wane iri

Ƙarin da ya fi yawa a ɓera na nono ne, yana fitowa a mata har da maza, kuma naman nono a jikinsu ya miƙe tun daga wuya har kusa da gindin wutsiya. Saboda haka kumburi mai laushi mai motsi a gindin wutsiya sau da yawa ba na wutsiya ba ne ma. Naku yana can ƙarshe, wannan bai shafe shi ba.

A jikin wutsiyar kanta, fata tana iya fitar da tsiro marar illa, ko dajin fata wanda yakan zama gyambo mai ɓawo da ba ya warkewa. Naman da ke ƙarƙashin fata yana iya fitar da fibrosarkoma, mai tauri, mai kama wuri, mai dawowa idan ba a cire shi da faɗi ba. Na hanyoyin jini ja ne ko shuɗi-shuɗi, da an taɓa sai jini. Baƙin ƙari, melanoma, an fi ganinsa a jabil, ɗan ɓeran hamada na Mongoliya da ake kiwo a gida, a kunne da ƙafa da wutsiya. Ƙashi da guringuntsi su ma suna da nasu, osteosarkoma da kondrosarkoma. Hamsta, wani ɗan dangin ɓera da ake kiwo a gida, wutsiyarsa guntuwa ce ƙwarai, ɓeran Masar kuma ba shi da ita a waje, don haka wannan magana ta fi shafar ɓera, jabil, da degu, wani dangin ɓera na ƙasar Chile.

Akwai ɗaya da nake so in tsaya a kansa, domin siffar da kika bayar tana tuna mini da shi, wato kodoma. Lokacin da ɗan tayi yake ciki, kafin ƙashin baya ya samu, akwai wani siririn sanda mai laushi da jiki yake ginuwa a kansa tun daga kai har ƙarshen wutsiya. Daga baya ƙashi ya maye gurbinsa, ragowarsa ta zama tsokar da ke tsakiyar faifan da ke tsakanin ƙasusuwa. Wani lokaci 'yan ƙwayoyin halitta na wannan sanda sukan rage a cikin ƙashi, bayan shekaru su farka su fara ninkuwa. Shi ya sa kodoma ba ya fitowa ko'ina sai a layin ƙashin baya: gindin ƙwanya, wuya, ƙugu, wutsiya. Mutane ma suna samunsa, ko da yake da wuya.

Dabbar da aka fi saninsa a jikinta ita ce feret, wadda Turawa suke kiwo, kuma ba dangin ɓera ba ce. A jikinta yakan fito a ƙarshen wutsiya, dunƙulalle, mai santsi, mai tauri, yana girma a hankali, ba ya cika yaɗuwa, idan an yanke wutsiyar sama da shi yawanci shi ke nan. An ba da rahotonsa a wutsiyar degu ma. A ɓera kuwa halinsa ya bambanta. Ko a ɗakunan bincike inda ake buɗe dubban ɓeraye ana dubawa, kaɗan ake samu, a tsofaffi, mafi yawa a wajen ƙugu, kuma yakan tura 'ya'yansa huhu. Don haka ba zan ɗauki labarin feret in ɗora wa ɓeranku in ce miki ki kwantar da hankali ba, kuma ba zan ce kodoma ne ba. Na kawo shi ne don ki ga dalilin da ya sa sunan ƙari yake da amfani: ƙullutu biyu masu kama ɗaya a ido, ɗaya yanka ya raba shi da dabba har abada, ɗaya kuma ya riga ya wuce gaba.

Yadda ake bi a gane

Aikin yana farawa daga gida, kuma yaron ne ya fi dacewa da shi. Ya sa rula a gefen ƙullutun ya ɗauki hoto da waya, ya rubuta faɗinsa da milimita, ya maimaita duk mako a rana ɗaya. Ya auna nauyin ɓeran a ƙaramin sikeli, a cikin roba mai murfi da aka huda. Ya duba launin ƙarshen wutsiya bayan ƙullutun, ko yana nan da ɗumi da jan jini ko ya fara duhu. Ya lura ko suna faɗa da dare. Kada ya ɗaga shi ta wutsiya, ya tallabo shi ta ƙirji. A jabil da degu ma ɗagawa ta wutsiya yana iya saluɓe fatar gaba ɗaya ta bar ƙashi a fili. Wannan rubutu ba don a jinkirta zuwa wurin likita ba ne, wata 3 ya isa jira. Idan kuwa wurin ya fashe, ko ya fara jini, ko ɓeran yana gwaguyarsa, ko numfashinsa ya canza, a tafi a ranar.

Likita zai fara da yatsu. Abin da nake nema shi ne ko ƙullutun yana tafiya tare da fata, ko fata tana zamewa a kansa shi kuma ya kafe a ƙashi. Na farko yana nuna fata, na biyu yana nuna ƙashi ko guringuntsi ko kodoma. Sai in shafa dukan jiki in ji ko akwai wani, in taɓa kaluluwar hantsa da ta bayan gwiwa, in saurari ƙirji.

Daga nan sai allura. Ana soka siririyar allura a cikin ƙullutun, a ɗan zuƙo, a fesa abin da ya fito a kan ɗan gilashi, a shimfiɗa, a bar shi ya bushe a iska, a rina da Giemsa, rinin nan da ɗakunan gwajinmu suke amfani da shi kullum wajen duba zazzaɓin cizon sauro. Wannan gwaji yana da arha kuma ana iya yinsa a nan. Idan mugunya ce ta fito, an huta, maruru ne. Idan ƙwayoyin ƙari ne, ƙwararre zai iya cewa na fata ne ko na nama. Kodoma yana da ƙwayoyinsa na daban, manya, cike da ramuka farare kamar kumfar sabulu, zaune a cikin wani abu mai yauƙi. Amma allura tana da iyaka babba: ƙari mai tauri ba ya sakin ƙwayoyinsa da sauƙi, sau da yawa jini kawai za a gani. Idan aka ce miki ba a ga komai a gilashi ba, ma'anarsa ba a samu amsa ba, ba wai babu cuta ba.

Hoton ƙashi, wanda a nan muke cewa radiyo, yana nuna ko ƙashin ya ɗoru ne, ko wani abu yana cinye shi, ko sabon ƙashi yana tsirowa ba bisa tsari ba. Na'urar likitan haƙori ta fi dacewa da abu ƙarami haka. Idan an samu dama a ɗauki ƙirji ma, don a ga huhu kafin a yanke shawarar yanka, ko da yake ƙananan ɗigo ba sa fitowa a hoto. Hoto yana faɗin inda abin ya kai, ba ya faɗin sunansa.

Suna sai an yanka naman siriri, an rina, masanin nama ya duba a madubin likita. A babbar dabba mukan ɗebi ɗan yanki mu aika kafin tiyata. A wutsiyar da kaurinta bai wuce 'yan milimita ba wannan ba ya da ma'ana sosai, domin fatar ba ta da rarar da za a ja a ɗinke, kuma ɗibar yanki da cire duka kusan wahala ɗaya ce. Don haka idan ƙullutu yana kusa da ƙarshe, yanke wutsiya sama da shi shi ne gwajin, shi ne kuma maganin.

Nan ne nake roƙonki abu ɗaya, Hajiya, wanda shi ne ya fi ɓacewa a aikinmu: kada a jefar da abin da aka yanke. A sa shi dukansa, har da bakin da aka yanka, a kwalba mai faɗin baki da fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau 10. Idan mai ƙarfi ne aka samu, na kashi 37 zuwa 40, ana haɗa ma'auni 1 da ma'auni 9 na ruwa. A sa nan take, domin a zafinmu nama yana fara lalacewa cikin sa'o'i. Kada a sa a firiza, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin. Kada a haɗa kwalbar da gilasan allura a leda ɗaya, tururin fomalin yana ɓata su. Guba ne kuma, a nisanta shi da yara. Bayan kwana 1 zuwa 2 naman ya kama, zai iya yin makonni bai canza ba, ya bi motar ajans zuwa duk inda za a duba shi, da takarda mai ɗauke da irin dabba, shekaru, wurin ƙullutu da tsawon lokacinsa.

Inda za a aika, likitanku ya tambaya tun kafin ya sa wuƙa. Muna da LANAVET, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa, a Bokle kusa da Garwa, da makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere, masu karatu na Chadi kuma suna da IRED, cibiyar binciken kiwon dabbobi, a Farsha, Njamena. Babban aikinsu dabbobin kiwo ne, saboda haka a kira a ji wanda zai karɓi irin wannan nama ko ya nuna inda za a kai. Sakamakon yakan ɗan jinkirta idan da ƙashi a ciki, sai an jiƙa shi a sinadari ya yi laushi kafin ya yanku. Kuma akwai matakin da ba lallai a kai gare shi ba: kodoma da kondrosarkoma suna iya rikita ko ƙwararre, rabe su da tabbaci yana bukatar rini na musamman da ke neman sinadaran sitokeratin da brakiyuri, waɗanda kodoma yake da su ɗayan kuma ba shi da su. Ko ba a samu wannan ba, rinin yau da kullum zai amsa tambayoyi biyu da suka fi damunku: mai illa ne ko marar illa, kuma bakin yankan ya fita tsaf ko an bar saura.

A yanke ko a bari

Da nawa ne, kuma ƙirjinsa lafiya, nauyinsa bai faɗi ba, da na yanke, tun yana ƙarami. Dalilina shi ne yanzu ɗan guntu kawai zai rasa, mafi yawan wutsiyar da yake fitar da zafi da ita tana nan. Idan aka jira abin ya hau sama, yankan zai ci wutsiya da yawa, ga bazara. Ana yankewa ne a mahaɗar ƙashi, gaɓa 1 ko 2 sama da ƙullutun, a ɗaure hanyoyin jini, a bar fata ta rufe kan ƙashin.

Hatsarin yana cikin maganin barci da zubar jini. Ɓera mai giram 300 jininsa duka bai wuce mililita 20 ba, cokalin shayi ɗaya kashi ɗaya ne cikin huɗu na jininsa. Iskar isofuloren ta fi aminci. Inda babu, ana amfani da allurar ketamin da zailazin, amma sai an auna dabbar daidai an tsarma maganin, kuskure kaɗan ya isa ya kashe. Ba a hana ɓera abinci dare guda kamar kare, domin ba ya iya amai, yunwa kuma tana saurin karya shi. Ki tambayi likitan kai tsaye ko ya taɓa sa wa dabba ƙarama haka barci. Ba rashin kunya ba ne, wanda ya san aikinsa zai gaya miki gaskiya, ya tura ku gaba idan ya cancanta.

Akwai lokacin da bari ya fi. Idan yana da ciwon numfashi, wanda ya zama ruwan dare a tsofaffin ɓeraye, ko hoto ya nuna abin ya kai huhu, ko ya rame, tiyata ba za ta ƙara masa komai ba. Sai a tsaftace keji, a shimfiɗa takarda mai laushi, a ba shi maganin zafi irin meloksikam bisa awon likita. Idan ya kai ga daina ci da motsi, likita yana iya kawo ƙarshen wahalarsa cikin barci, kuma gara a shirya yaron da wannan magana tun da wuri.

A kan magani, kada a sayi komai a kasuwa a ba shi. Allurar penisilin da sitireptomaisin da ake yi wa tumaki tana iya kashe jabil da ƙananan ɓeraye. Amoksisilin da ampisilin na kashe hamsta da ɓeran Masar ta hanyar lalata musu hanji, ko da yake farin ɓera yana jure su. Kuma babu maganin ƙwayoyin cuta da yake narkar da ƙari.

Idan an yi aikin, a raba shi da ɗan'uwansa har ɗinkin ya kama, wajen kwana 10 zuwa 14, amma kejin biyu su kasance kusa suna jin ƙanshin juna, don ɓera ba ya son kaɗaici. Shimfiɗar takarda kawai, ban da ƙasa da garin katako, a canza kullum, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda. A duba kututturen safe da yamma, domin sukan cire zaren da haƙori, musamman idan maganin zafi bai isa ba. Da bazara a ajiye kejin a ɗaki mafi sanyi, kusa da randa, da ruwan sha a wuri biyu da falen tayil da zai kwanta a kai. Bayan ya warke yaron ya ci gaba da shafa kututturen da auna nauyi sau ɗaya a wata. Idan takardar sakamako ta fito, ki aiko mini da abin da aka rubuta, tare da hotunan da ya ɗauka, in fassara muku ita.